Saura mako biyar intabiyun zama 'yar ƙasa, lambobin Amurka sun ƙi zama a kaina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ni 'yar Kano ce, shekarata 47, ina zaune a Bronx a birnin New York, aikina kula da tsofaffi a gidajensu. Shekara bakwai ke nan da samun girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka. Na cike fom ɗin N-400 na neman zama 'yar ƙasa, jiya kuma wasiƙa ta iso: saura mako biyar intabiyu. Tun da na buɗe ambulan cikina ya ɗuri ruwa.

Bokona a aji uku na sakandare ya tsaya, aka yi min aure. Turancin aiki ina yi ba laifi, amma na gwamnati da tsarin mulki wani abu ne daban. Ɗana ya buga min tambayoyin jarrabawar guda 128 daga intanet, ƙawata kuma ta ba ni ƙaramin littafi mai 100, ta rantse shi aka yi mata. Wanne zan riƙe? Ga lambobi. Shekaranjiya tsohuwar da nake kula da ita ta karɓi littafin ta ce bari ta gwada ni, ta ce sanatoci nawa ne. Na ce 109. Ta yi dariya har sai da na miƙa mata ruwa. Wata kuma ta ce min ana iya zuwa da tafinta. Gaskiya ne? Ku taimaka min da shawara, ba na son in ji kunya a gaban 'ya'yana.

Wani ɗan'uwa daga Maryland:
Wa'alaikumus salam Yaya. Ɗanki da ƙawarki duk suna da gaskiya. Ɗauko takardar da USCIS, hukumar shige da fice da zama ɗan ƙasa, ta aiko miki ta shaidar karɓar fom, ki duba ranar da suka karɓa. In kafin 20 ga Oktoba 2025 ne, tsohuwar jarrabawa ta 2008 za a yi miki: tambayoyi 100, jami'i zai yi miki har 10, ki ci 6. In daga ranar ne zuwa gaba, sabuwa ce: 128, a yi miki har 20, ki ci 12. Da baki ake yi, babu zaɓi ɗaya cikin huɗu, kuma da kin cika adadin zai tsaya.

Tafinta kuwa ba naki ba ne tukuna. Sai wanda ya kai 50 kuma ya yi shekara 20 da girin kad, ko ya kai 55 da shekara 15. Su ake ɗauke wa Turanci, su amsa da harshensu. In ba a dace ba a karon farko, Allah ya kiyaye, za a sake kiranki tsakanin kwana 60 zuwa 90, kuma ɓangaren da kika faɗi kaɗai za ki maimaita.

Tsohon malamin sakandare daga Zariya, yanzu a Houston:
Ƙanwata, amsarki ta 109 ta faranta min rai, don ta nuna kin san gwamnati, ƙasar ce kawai kika sauya. A 1979 Najeriya ta bar tsarin firaminista irin na Ingila ta ɗauki na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka. Ashe gidan da kike son shiga kin riga kin san fasalinsa: masu yin doka, masu zartarwa, masu shari'a, kowa na taka wa ɗan'uwansa burki. Abin da ya rage ki kama inda suka bambanta, don nan ne mutanenmu ke zamewa.

A gida kowace jiha sanata uku, 36 sau uku 108, Abuja ɗaya, 109. A nan kowace jiha biyu, babba ko ƙarama, 50 sau biyu 100, kuma birnin Washington ba shi da ko ɗaya. Majalisar Wakilai a gida 360, a nan 435, ana raba kujerun bisa yawan jama'a, shi ya sa Kalifoniya ta fi kowa. Wa'adi ne babban rami. Mu mun saba kowa shekara huɗu. A nan ɗan Majalisar Wakilai biyu, shugaban ƙasa huɗu, sanata shida. Biyu, huɗu, shida, kamar yara na ƙirga gyaɗa. Akwai dalili: an so wakili ya riƙa komawa gaban talakawa a kai a kai, sanata kuma ya samu natsuwar da guguwar zaɓe ɗaya ba za ta kwashe shi ba. Alƙalan Kotun Ƙoli tara ne, babu wa'adi, John Roberts ke jagorancinsu tun 2005. In shugaba da mataimakinsa duka suka kasa, Kakakin Majalisar Wakilai ke hawa.

Shekaru kuma kada ki haɗa 1776 da 1787. Ta farko ranar 4 ga Yuli aka shelanta 'yanci daga Ingila, Thomas Jefferson ya rubuta takardar. Ta biyu aka rubuta tsarin mulki a Filadelfiya. Sai da aka yi yaye sannan aka zauna aka tsara yadda za a ci gida, shekara 11 tsakani.

Wani matashi direban Uber:
Baba Malam da girmanka, amma wannan lacca ta yi yawa a mako biyar. Anti, ki sa bidiyon tambayoyin a YouTube, ki maƙala abin ji a kunne a jirgin ƙasa safe da yamma. Kowace tambaya ki zaɓi amsa ɗaya mafi gajarta ki haddace. In an ce faɗi ɗaya, kada ki kawo uku. Ni haka na yi, tambaya shida ya yi min ya rufe.

Tsohon malamin ya dawo:
Ɗana, maganar gajeriyar amsa ka yi daidai, na karɓa. Amma mai hadda zalla in tsoro ya kama shi, kalma ɗaya ta ɓace, shi ke nan layin ya tafi. Wanda ya san 50 sau biyu ko gwiwarsa na rawa zai lalubo 100. A haɗa biyun. Kuma a kula da tsofaffin bidiyo, sunayen masu mulki suna canzawa bayan zaɓe.

Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, ita ma a Bronx:
'Yar'uwata kwantar da hankalinki. Ni ko firamare ban gama ba, na ci. Abin da ba a gaya miki ba, tambayoyin gwamnatin nan minti kaɗan ne. Yawancin zaman a kan fom ɗinki ne, a nan ake auna Turancin bakinki. Ina kike zaune, ina kike aiki, yaushe kika fita ƙasar, kina biyan haraji? Ki sa ɗanki ya zauna a kujera ya murtuke fuska kamar jami'i, ya bi fom ɗin da ke layi layi. In ba ki ji tambaya ba ki ce a maimaita, ba laifi ba ne. Ɗabi'armu ta gyaɗa kai mu ce "yes" don kunya ita ce haɗari a ɗakin nan.

Karatu jimla ɗaya cikin uku, rubutu ma haka. Ni a kan allon kwamfuta aka ba ni in rubuta da wani ɗan alƙalami, hannuna na karkarwa, rubutun ya fito kamar kaza ta yi tonon ƙasa, aka karɓa. Ki gwada a tablet ɗin yara tun yanzu. Sannan babban birnin jiharmu ta New York Albany ne, ba birnin New York ba. Ni nan na faɗi tambaya ɗaya, har yau abin na ci min rai. Sanatocinmu Chuck Schumer da Kirsten Gillibrand, ɗaya ya isa. Wakilinki kuma da lambar zif (lambar gidan waya) ta unguwarku za ki nemo shi, don Bronx ba mazaɓa ɗaya ba ce. Laburaren unguwa ma suna yin ajin shiri kyauta, ki leƙa.

Wata 'yar'uwa ɗalibar lauya:
Mama, ga ɓangaren haƙƙoƙi. An yi wa tsarin mulkin gyara sau 27. Goman farko, na 1791, su ne kundin haƙƙoƙi. Na ɗaya ki ƙirga shi da yatsun hannu: magana, addini, jarida, taro cikin lumana, kai koke ga gwamnati. Shi ne ya ba ki damar zuwa masallaci da hijabinki, ya kuma ba maƙwabcinki damar ƙin bin kowane addini. Waɗannan na duk mazaunin ƙasar ne, kina da su tun yau. Na ɗan ƙasa kaɗai su ne jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, tsayawa takarar kujerar tarayya, da zama cikin juri, wato mutanen gari da ake zaɓa su saurari shari'a su yanke hukunci a kotu. Ƙuri'ar ma a hankali aka buɗe ta: an soke bauta a 1865, gyara na 15 ya hana tauye ƙuri'a saboda launin fata a 1870, na 19 ya ba mata a 1920, na 26 ya sauko da shekaru zuwa 18 a 1971.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba jarrabawar ba ce. Fom ɗin yana tambaya ko kin taɓa cewa ke 'yar ƙasa ce, ko kin taɓa rajistar zaɓe ko jefa ƙuri'a. Wasu a wurin karɓar lasisin tuƙi suke sa hannu a takardar rajistar zaɓe ba su karanta ba. Yana kuma tambayar auren fiye da mutum ɗaya a lokaci guda, iyayenmu maza da ke karatu a ɓoye ku ji da kyau. Duk wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya shafa, ko aka taɓa kama shi, ya ga lauyan shige da fice kafin ranar. Rantsuwa ake sa mutum kafin a fara, ƙarya a nan ta fi faɗuwa muni nesa ba kusa ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Na duba takardar, Satumba 2025 suka karɓa, littafin ƙawata ke nan. Malam, biyu huɗu shida ta zauna, yau har na koya wa tsohuwata lissafin 109 ɗin, ta ce ashe ba shirme na yi ba. Saura abu ɗaya. A 2023 na je Kano rasuwar mahaifiyata, na yi wata biyar. Zai kawo matsala?

Ɗalibar lauyar:
Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa ta huta. Tafiyar da ta haura wata shida ce ke jawo zargin yankewar zama, taki ba ta kai ba. Ana kuma so a ce kin yi aƙalla wata 30 a cikin ƙasar a shekara biyar ɗin nan, kin wuce haka. Ki tabbata ranakun da kika rubuta a fom sun yi daidai da hatimin fasfo, ki tafi da fasfo ɗin, har tsohon in kin sabunta, da girin kad da wasiƙar gayyatar.