Mai ciwon hanta B za ta iya ba jaririnta nono?

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta hana ni barci. Maƙwabciyata ta je awo da cikinta wata shida, aka ɗebi jini aka ce tana da ciwon hanta, wanda ake kira hepatitis B. Tun ranar aka ware mata kofi da kwano, ko tabarmarta ba mai zama. Yanzu kuma uwar mijin ta ce in ta haihu ba za ta ba jariri nono ba, madara za a saya. Yarinyar nan kullum cikin kuka take.

Goggo: Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan uwar mijin. Ciwon nan ta zufa ake ɗaukarsa, haka muke ji. Abin da ya bi zufa kuwa ba zai ƙi bin nono ba.

Kawu: Zancen zufa ban yarda da shi ba, Goggo. Ta jini ne da saduwa, kamar ƙanjamau. To ƙanjamau yana bin nono, don haka a bar shayarwar. Kuma a tambayi mijin inda ya kwaso ya kawo mata.

Anti Nas: Kawu, don Allah a janye wannan ta ƙarshen, irinta ce ke kashe aure. A ƙasashenmu yawancin masu ɗauke da cutar tun suna ƙanana suka same ta, wajen haihuwa ko a yarinta. Mutum sai ya shekara ashirin da ita ko ciwon shawara bai taɓa yi ba. Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna da ita.

Goggo, ba ta bin zufa, ba ta bin kwano ko kofi ko musabaha. Nono ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci gaba da bayarwa. In kan nono ya tsage yana jini ne ake neman shawarar asibiti.

Inda haɗarin yake shi ne lokacin haihuwa, sa'ad da jinin uwa ya taɓa jariri. Babba in ya kamu, sama da 95 cikin 100 jikinsu kan kori cutar. Jariri kuwa, kusan 9 cikin 10 takan zauna musu har girma, daga baya hantar wasunsu ta ƙandare ko daji ya kama ta. Abin da ke tare wannan shi ne allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, sannan sauran a mako 6, 10 da 14.

Goggo: Awa 24? Mai ɗanyen jego za ta fita da jinjiri ko cibiya ba ta faɗi ba? Mu da sai an yi suna ake zancen rigakafi, ga shi mun rayu.

Anti Nas: Allah ya ƙara nisan kwana, Goggo. Amma na yi jinyar magidanci ɗan shekara talatin da 'yan kai, ciki ya kumbura kamar tulu, idanu sun yi rawaya, 'ya'yansa uku a bakin gado. Da aka gwada mahaifiyarsa, tana da ita. Ba wanda ya sani sai ranar.

Auta: Ni abin da ke damuna wanzami. Kwana uku da haihuwa ya zo cire beli, ranar suna ya yi aski, wani gidan har da tsaga. Na ga lokacin da ya goge askar a tsumma ya mayar zabira, daga gidanmu ya shiga na gaba.

Kawu: Kada a ɗora wa wanzamai laifi, Auta. Da yawa yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gabanka.

Anti Nas: Waɗanda ke yin haka Allah ya saka musu. Amma ƙwayar cutar tana iya yin kwana bakwai da rai a busasshen jini a jikin ƙarfe, tsumma ba ya kashe ta. Haka rezar yankan cibiya, da ƙaho, da mai yankan farce, da allurar da aka maimaita, da jinin da aka ƙara wa mutum ba a tantance ba.

Kawu: Na janye maganar miji. Nono kuwa har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ga wata kuma: in naƙuda ta zo daren Juma'a a gida, ƙaramin asibitin unguwa kuma sai Litinin ko Talata yake rigakafi, ina awa 24 ɗin?

Anti Nas: Wannan matsala ce ta gaske, ina ganin ta. Shi ya sa nake roƙon ta haihu a babban asibiti, ta faɗa wa ungozoma sakamakonta tun tana shiga, kada ta ɓoye don kunya. Kafin nan a auna yawan ƙwayar a jininta. In ta yi yawa akwai maganin Tenofovir da likita ke rubutawa tun wajen wata na bakwai. A gwada mijin da sauran yaran, wanda ba shi da ita a yi masa allura.

Goggo: To a mayar mata da kwanonta cikin na mutane. Amma uwar mijin ba za ta ji daga bakin maƙwabciya ba.

Yaya Babba: Anti, ko za ki zo da kanki ranar Asabar bayan la'asar? Zan kira Hajiyar ta shigo gidana, ke ki yi mata bayani.

Anti Nas: Zan zo in sha Allah. Ki ce yarinyar ta riƙo katin awonta da takardar gwajin.