Me ya sa ake rubuta Vietnam a kambas ɗin Nike?

Ɗan Wuse:
Salam 'yan uwa. A kasuwar Wuse kusan duk kambas ɗin Nike da na gani an rubuta Vietnam ko Indonesiya a harshensa. Jabu ne ke nan?

Mai Ɗinki:
Wa'alaikumus salam. Wannan ba ya nuna jabu. A Beaverton ta Amurka ake zana takalmin, 'yan kwangila a Asiya su haɗa, kusan rabi kuwa daga Vietnam yake fitowa. Sama ake fara ɗinkawa, a ja shi kan ƙafar roba ya ɗauki siffa. Sai a kankare tafin, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a bi da su cikin zafi, inji ya matse. In aka yi gaggawa a matakin zafin nan, tafin zai ɓare tun daga goshi.

Hajiya Kubwa:
Malam Ɗan Wuse, don gane jabu, duba lambar samfurin da ke harshen, dole ta yi daidai da ta jikin kwali.

Mai Ɗinki:
Gaskiya ne Hajiya. Sannan ko na asali ne, tafin da aka yi da polyurethane (wani nau'in roba) in ya daɗe a ajiye cikin laima yakan marmashe, shi ya sa gwanjo ke ba da kunya.