Tsakanin "coffee" da "kahve", wace ce ta fara?

Ɗalibar harsuna, Fagge:
Assalamu alaikum, malamai. Ina koyon Turkanci a nan Kano, sai na ci karo da kalmar "kahve", wadda ta yi kama da "coffee" ta Ingilishi da kuma gahawarmu. Don Allah, wane harshe ne ya ara daga wani?

Malamin Larabci, Ƙofar Mata:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tushensu duka Larabci ne, wato "ƙahwa", wadda a tsofaffin waƙoƙin Larabawa sunan giya ne, kafin a laƙaba wa abin shan da Sufayen Yaman suke sha domin raya dare. Turkawa suka mayar da ita "kahve", mutanen Holan suka ce "koffie", daga nan ta shiga Ingilishi. Santambul ta sami gidajen shan gahawa wajen 1555, Landan kuwa sai 1652.

Tsohon ɗalibi a Turkiyya, Gwale:
Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kalmar ta yi rassa a Turkanci fiye da Ingilishi, domin launin ruwan ƙasa "kahverengi" suke ce masa, wato launin gahawa, karin kumallo kuma "kahvaltı", ma'ana abin da ake ci kafin a sha gahawa.

Malamin Larabci, Ƙofar Mata:
Haka ne, ɗan'uwa. Gahawarmu kuwa ta zo daga Larabawa masu furta ƙaf kamar "g", amma "kofi" daga Ingilishi muka aro ta.