Masu miƙa kaya a tiyata: yaya kuka yi a aikin afendis na kyamara?

Sabuwar shiga, Kano
Assalamu alaikum. Shekara uku ina miƙa kaya a ɗakin tiyata, amma duk afendis ɗin da na shiga na yanka ne. Yanzu an kawo mana na'urar kyamara, ran Laraba za a sa ni a karon farko. Na san huda uku ake yi, ta cibiya milimita 10 don kyamara, sauran biyun galibi milimita 5. Yayyena da iyayena a wannan aiki, don Allah ku ba ni abin da kuka gani da idonku.

Tsohuwar sista, Zariya
Wa alaikumus salam, 'yata. Abu na farko, idonki ya koma allon da ke nuna hoton kyamara. A aikin yanka kina leƙen ciki kina ganin hannun likita. A nan shi da mai riƙe kyamara suna hagun majiyyaci, allo na dama, kuma idonsa ba zai bar allon ba. Hannu kawai zai miƙo. Ke za ki ɗora masa ƙarfen a tafi, ki kama bakinsa ki saita a bututun huda, don ƙarafan dogaye ne, in kika saki suna iya taɓa wurin da ba tsabta. Da kin ga ya gama raba kitsen da jijiyar jini ke bi, kin san zaren ɗaure gindin afendis ne ke tafe. Amma kada ki sa a farke ledarsa sai ya ce. Da kuɗinsu 'yan uwan majiyyaci suka saya, an farke an farke ke nan.

Ma'aikacin tiyata, Kaduna
Sista ta faɗi gaskiya. Ni hazo ne ya wahalar da ni a farko. Gilashin kyamara da sanyin ɗaki, ciki da ɗumi, yana shiga sai ya dusashe. Tun daga nan nake ajiye ruwan gishiri mai ɗumi in tsoma bakinta kafin a zura. Sai wayar haske, wadda ke kai haske daga fitila zuwa kyamara. Wata rana an cire ta daga kyamara aka ajiye a kan koren ƙyalle, fitila na kunne. Ƙauri muka ji. Ta huda ƙyallen da baƙin tabo kamar na taba, saura ƙiris ta kai fatar cinyar yaron. Yanzu ba na yarda a kunna haske sai an haɗa waya, ba na cirewa sai an kashe.

Nas, Jos
Ƙanwata, ki shirya tiren buɗe ciki, ki ƙirga shi, ko da likita ya ce aikin rabin awa ne. Ga abin da ya sa nake faɗa da ƙarfi.

An kawo mana wata yarinya da dare, kwana huɗu tana ciwo ana ba ta magani a gida. Muna zura kyamara muka ga mugunya ta taru a ƙasan mara, hanji ya manne da juna, afendis ɗin kuma ya ɓuya bayan babban hanji. Likita na ta lallaɓawa, sai jijiyar jinin ta kuɓuce. Kin san jini na shanye haske, nan take allo ya yi duhu. Ya ce, "Sista, mu buɗe." Tiren da na ɗauka yana kusa ashe an kai shi wani ɗaki. Nas ɗin da ke kawo mana kaya daga waje ta fita da gudu, mu kuma muka tsaya, likita ya danne wurin da ƙarfe, na'urar bugun zuciya na ta ƙara. Allah Ya sa yarinyar ta tashi lafiya, amma tsayuwar nan ba ta bar raina ba har yau. Kuma a irin wannan rikicewar ne gozi, ƙyallen tsane jini, ke ɓacewa, musamman ƙaramin da aka tura ta bututu. Duk wanda ya shiga ciki, ki faɗa da murya a rubuta a allon ƙirgar kaya.

Ɗan uwa da ke aiki a Saudiyya
A nan akwai jakar fitar da afendis ta musamman, a gida kuwa mun sha yanka safar hannu mai tsabta mu yi jaka da ita, kuma tana aiki. Ko wacce ce, kada a ja ruɓaɓɓen afendis tsirara ta huda, zai gurɓata wurin. In wani ɗan dutsen kashi ya faɗo ciki, ki nuna wa likita a allo, don barinsa na jawo ƙurji bayan kwanaki. Ki duba tukunyar iskar kabon da ake kumbura ciki da ita kafin a fara, matsin iskar a cikin majiyyaci yakan tsaya tsakanin 12 da 15 a ma'aunin mmHg. Wanda ya fara wannan aikin, Kurt Semm, likitan mata ne a Kiel ta Jamus, a 1980, kuma ya sha suka daga likitocin tiyata kafin su karɓa.

Daga Damagaram
Namu ƙarafan a ruwan magani ake jiƙa su. A ɗauraye su sosai da ruwa mai tsabta, har cikin bututu, don maganin na ƙona nama. A bi baƙar robar jikin ƙarfen ƙonawa, wanda ake tsai da jini da shi da wutar lantarki, da yatsa. In ta tsage, wuta na iya taɓa hanji a inda kyamara ba ta gani.

Sabuwar shiga, Kano
Allah Ya saka muku da alheri. An yi aikin jiya, saurayi ne ɗan shekara 19. Kyamara ta yi hazo sau biyu, ruwan ɗumi na kusa. Tiren buɗe ciki na bayana a ƙirge, ba a taɓa shi ba. Inda na yi jinkiri wajen ɗinkin cibiya ne, ban fito da zaren rufe shimfiɗar ciki da wuri ba, sai da likita ya jira ni. Yau da safe na leƙa shi a ɗaki, yana zaune yana shan shayi, kafaɗa kawai yake kuka da ita saboda ragowar iskar.