Mai lalurar ji: ya faɗa tun a takardar neman aiki, ko sai an kira shi?

Ummu Hanifa:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya gama hidimar ƙasa, ya karanta akanta. Kunnensa na dama ba ya ji sam, na hagu sai da na'ura. Yana magana sarai, amma waya ce ba ya iya ɗauka. Wasu sun ce ya rubuta a CV, wasu sun ce yana rubutawa za a jefar da takardarsa. Don Allah wanne ne daidai?

Malam Sani Gwale:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ya danganta da inda yake nema.

Idan aikin gwamnati ne, ya faɗa tun farko. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wanda ya yi shiru ya fitar da kansa daga wannan kaso. Ko ana cika kason, wannan wata magana ce, amma in fom yana da gurbin tambayar, ya cike shi.

Kamfani mai zaman kansa kuwa, babu abin da ya wajabta masa sa wa a CV. Mai tantancewa na da tulin takardu a gabansa, neman dalilin ragewa yake yi, kuma in ya ajiye ta ƙaninki ba zai taɓa faɗin dalili ba, balle a kai ƙara. Ya bari sai an gayyace shi intabiyu. A lokacin sun riga sun yaba da takardunsa a rubuce, in suka janye bayan ya faɗa, yana da shaida a hannu.

Anti Bilkisu:
Malam Sani, na yarda da kai, sai dai ka tsallake wayar, kuma a nan aka fi yin asara. Yawancin masu ɗaukar aiki kira suke yi. Su kira sau biyu ba a ɗauka ba, ko a ɗauka ana "na'am? na'am?", shi ke nan sun wuce kan na gaba. Don haka a gefen lambarsa ya rubuta cewa a tuntuɓe shi ta saƙon tes, WhatsApp ko imel. Ba sai ya ce me ya sa ba. Kada a sa lambar wani ɗan'uwa ya riƙa amsawa kamar shi ne, ranar intabiyu asiri zai tonu.

Da gayyata ta zo, ya mayar da amsa a ranar, layi uku sun isa: ina da lalurar ji, ina amfani da na'ura, ga abin da nake buƙata. Kuma ya faɗi buƙatar dalla-dalla, domin "ni kurma ne" kawai tsoro yake ba su, ba su san me za su yi ba. Ya ce a zauna a ɗaki marar hayaniya, a kashe fanka ko a nisanci janareta, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, kuma haske ya kasance a fuskar mai tambaya. In taga tana bayan mai magana, fuskarsa duhu take yi, ba a ganin leɓe. Shi kuma ya zauna yadda kunnen hagu zai fuskance su, ya sa sabon batir tun da safe, ya riƙe na ko-ta-kwana a aljihu. In ta intanet ne, Zoom da Google Meet duk suna rubuta abin da ake faɗa a ƙasan allo, ya gwada tun ana gobe.

Abban Sadiq:
Ƙari ɗaya: kada ya yi ƙarya a fom ɗin lafiya. Yin shiru a CV daban, rubuta "babu" inda aka tambaya kai tsaye daban. Na biyun hujja ce ta kora ko bayan shekaru, kuma dokar ba za ta cece shi ba.

Ya je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, a yi masa gwajin ji, a ba shi takardar sakamako. Tana nuna matakin jin kowane kunne daban. Ya roƙi likita ya rubuta yadda yake ji in na'urar tana kunne, don wannan ne mai ɗaukar aiki ya damu da shi. Ya kuma nemi takardar shaida daga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, za ta yi masa amfani wajen kason da Malam Sani ya ambata.

Ummu Hanifa:
Allah ya saka da alheri. To in ya sanar da su, suka yi shiru ba amsa fa?

Anti Bilkisu:
Ya je a ranar da aka sa masa, gayyatar tana nan. Ya buga saƙon da ya aika a takarda ya tafi da shi, ya isa da wuri ya miƙa wa sakatare kafin a fara kiran suna, don kada a yi ta ƙwala kiransa daga bayan ƙofa yana zaune bai sani ba.