Yankan miƙaƙƙen layi da siririn zarton ado: me ke sa ya karkace?

Yaron shago, Rigasa: Salamu alaikum iyayen gidana. Injin nan na yankan ado, mai siririn zarto da ke hawa da sauka, lanƙwasa da fulawa ba ya ba ni wahala. Amma in na ja layi da rula a filawud mai kaurin milimita 6, sai yankan ya zame dama. Na ɗaure katakon jagora a tebur, abin ya ƙara lalacewa. Injin ne ko hannuna?

Tsohon kafinta, Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Yaro, cire katakon jagoran nan tukuna. Yawancin zartunan da muke samu buga haƙoransu ake yi da inji, sai bugun ya bar ɗan kaifi a gefe guda, galibi na dama. Shafa yatsa a hankali a gefen biyu, za ka ji ɗaya yana kartar ka. Wannan gefen ya fi cin katako, shi ya sa zarton ke ja can. Jagora yana tura katako sambal, zarto kuma yana son nasa kwanan, ƙarshe ya lanƙwashe ko ya tsinke.

Ga yadda ake yi. Ja layi a guntun da ba ka so, ka bi shi da hannu har tsakiya, ka kashe inji ba tare da ka motsa katakon ba. Za ka ga ya ɗan karkata a kan tebur, bai miƙe da jikin injin ba. Wannan karkatar ita ce hanyar zarton. Manna salatif a tebur daidai gefen katakon don ido ya riƙa gani, ka matsar da kujerarka dama kaɗan har layin ya fuskanci ƙirjinka. Ka canja zarto, ka sake gwaji, don kowanne da halinsa.

Mai gyaran inji, Panteka: Baba ya faɗi babba, amma kafin nan a duba ɗauri. Haƙora su kalli gaba, su kalli ƙasa. Ja zarton har in ka kaɗa shi da farce ya ba da siririyar ƙara, in ka tura shi gefe kada ya wuce milimita 3. Zarto mai sako-sako sama zai bi layi, ƙasa ya kauce, gefen ya fito da ciki. In yana zamewa daga maɗauri, man masana'anta ne a bakinsa, goge bakin biyu da sanfefa.

Tebur ma yakan kwanta ba a sani ba, kuma ma'aunin digiri da ke ƙarƙashinsa ba abin yarda ba ne. Ɗauki guntu mai kaurin inci ɗaya, ka ɗan tsaga shi, ka zagayo da shi bayan zarton. In bayan zarton ya shige tsagar cif, tebur na daidai. In ya ƙi, kwance ka gyara.

Sai wuta. Tamu volt 230 ce, injinan da aka yi wa kasuwar Amurka kuwa volt 120 suke so, dole sai da taransifoma mai rage wuta. Kuma ranar da wuta ta zo ba ƙarfi, ko janareta na tangal-tangal, gudun inji yana sauka yana tashi, hannu bai sani ba yana ta turawa. Layi ba zai miƙe ba.

Mai firem da allon suna, Barnawa: Ƙanena, zarto mai wace lamba ka sa? Masu lamba 2 da 3 na ƙananan kwana ne, ba su da bayan da zai riƙe su a doguwar tafiya. A filawud ɗinka lamba 5 ta isa, katako mai milimita 18 zuwa 20 kuwa 7 ko 9. Murɗaɗɗen zarton nan mai ci ta ko'ina kada ma ka kusance shi da miƙaƙƙen layi. In ka samu waɗanda aka wasa haƙoransu maimakon bugawa, sun fi tsada amma jan nasu kaɗan ne. Filawud mai milimita 3 ni haɗa biyu ko uku nake yi da salatif in yanka tare, don fallen ɗaya zarto cinye shi yake kafin hannu ya gyara.

Yaron shago, Rigasa: Anti, lamba 2 ce. In na ga ya kauce kuma sai in danna katakon gefe ya dawo.

Tsohon kafinta, Tudun Wada: To nan ma akwai gyara. Danna gefe lanƙwasa zarto ne kawai, kana saki ya koma. Juya katakon ake yi kaɗan kamar sitiyari, ko ka ja baya zuwa inda ya fara kaucewa ka sake shiga. Idonka ya riga haƙora da ɗan taƙi a kan layi. Lokaci-lokaci sassauta hannu: in katakon ya yi tsalle gefe, da ma kana matsa masa.

Bin tsawon itace ya fi ratsa shi wuya, don zarto na bin jijiya mai taushi. A maɗaci da iroko rage turawa, ka lulluɓe layin da farin salatif, yana rage ƙuna. Da ka ga baƙi a gefen yanka ko kana ƙara ƙarfi, zarto ya dakushe.

Mai gyaran inji, Panteka: Ni dai, Baba, layin da ya wuce ƙafa ɗaya ban ga dalilin wahalar da injin nan a kansa ba. A yanke gefunan waje da zarton tebur, a bar masa na ciki inda sai an huda an zura.

Mai firem da allon suna, Barnawa: Oga, ba kowa ke da inji biyu ba. Yaron ya yanka rabin milimita a wajen layi, ya manna sanfefa lamba 120 a shafaffen katako, ya goge har fensir ya kusa ɓacewa. Kuma da hunturu ya duba katakon ya kwanta a tebur kafin ya kunna, don wanda ya kandare rawa yake yi a ƙarƙashin hannu, zarto ya ɗaga shi ya buga.