Makullin Ɗakin Inna: Musayar Baitoci a Birnin Shehu

Tsohon Majemi, Rijiyar Dorowa

Assalamu alaikum. Shekaruna 68, uwar ɗiyana ta rasu shekara 6 ke nan. Na nemi auren wata bazawara, gidana ya yamutse. Mai amsa ya amsa da baiti, ya riƙe mini amsa-amon "wa".

Da sunan Allah zan buɗe bakina,
Abin da ke raina ya ƙi ɓoyuwa.

Shekara shida ɗakin Inna na kulle,
Gizo-gizo ya yi saƙa bisa randar ruwa.

Ɗiyana bakwai, kowa da gidansa,
Suna aiko tuwo, ba sa zama gaisuwa.

Kwano yakan zo a hannun jika,
In ci ni kaɗai, bango nake dubawa.

In tarin hunturu ya kama ni da dare,
Ba mai cewa sannu, ba mai tasowa.

Wata Juma'a na fito daga Hubbare,
Na iske ta da ƙwaryar fura a inuwa.

Ta ce, "Malam, aljihunka ya ɓarke,
Gidanku ba mai allura, ba mai kulawa?"

Shekara hamsin ina jimar jar akuya,
Na san fatar da ta sha ruwan bagaruwa.

Haka zuciyata ta yi a ranar nan,
Ta yi laushi bayan dogon bushewa.

Na gaya wa babban ɗana, ya miƙe tsaye,
Ya ce, "Baba, gidan nan take hangowa."

Ɗiyata ta Mabera ta daina kirana,
Sallah biyu ke nan ba ta leƙowa.

Jama'a, ku faɗa mini laifin da na yi,
Ko zuciyar tsoho ba ta motsawa?

Marainiya, Runjin Sambo

Baba, ina gaisuwa. Ka gafarce ni, zan tsaya wa 'yar Mabera, don abin ya faru a gidanmu.

Baba, ɗiyarka ce take magana,
Ciwon 'yar Mabera na sha ɗanɗanawa.

Wallahi ba gado ne a ranta ba,
Ɗakin uwarta take tsoron sauyawa.

Ran da na je gaida amaryar babana,
Na ga kwallar Innata cike da dawa.

Jeren da ta goge shekara talatin,
An kwashe a buhu, babu ko sanarwa.

Ba wanda ya ce, "Zo ki ɗauki naki,"
A bakin maƙwabta na ji ranar tarewa.

Amaryar nan ba ta taɓa cutata ba,
Shirun da aka yi mini ne ya ƙi gogewa.

Ka je da ƙafarka, kada ka aika,
Takun uba ya fi saƙo sanyayawa.

Hajiya, Ƙofar Marke

Alhaji, kai da sauƙi. Ka ji namu na mata.

Namiji ko ya tsufa ana ce masa ango,
Mu in mun motsa, sai salati da tafawa.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma,
Na ƙara shekara tara ina daurewa.

Wani dattijo mai albasa a Kara ya aiko,
Ɗana ya ce, "Inna, kunya kike jawowa."

Shi da na goya da zane guda a damina,
Yau shi ne waliyyi, shi ke hanawa.

A garin da Nana Asma'u ta zaɓi dattijai mata,
Ta sa musu malfa, suka fita karantarwa,

Yau an ce tsohuwa tsaron jika ne nata,
Ko kaɗaicinta ba ta da bakin faɗawa.

Almajirin Zaure, Gidadawa

Iyayena, ku ba ni wuri. A duba aya ta 232 a Suratul Baƙara: ta sauka ne a kan Ma'aƙilu ɗan Yasar, da ya hana ƙanwarsa komawa ga mijin da take so. Maganar rabon mata da miji kuwa tana aya ta 12 a Suratun Nisa'i.

Hajiya, ɗa yakan yi waliccin uwarsa,
Haka Malikiyya suke karantarwa.

Amma amana aka ba shi, ba sarauta ba,
In ya ƙi ba dalili, alƙali na ɗaurawa.

Bazawara ta fi waliyyi iko da kanta,
Muslim ya ruwaito, ba mai musantawa.

Ummu Salama, da Manzo (SAW) ya neme ta,
Ta kawo uzuri uku tana ƙirgawa:

Ga kishi, ga shekaru, ga marayu,
Bai bar ko ɗaya ba sai da warwarewa.

Ya ce ya girme ta, ɗiyanta nasa ne,
Kishi kuwa, Allah ne mai yayewa.

Kai kuma babban ɗa mai tsoron gado,
Sumuni take ci, sauran ku ke rabawa.

Wa ya gaya maka Baba zai riga ka?
Sau nawa tsoho ke raka yaro kushewa?

Baba Majemi, ka yafe, saura naka,
Akwai wani haƙƙi da ka daɗe da riƙewa.

Kayan ɗakin Inna gado ne tun ranar,
Rubu'i ne naka, saura na ɗiya da iyaye in suna rayuwa.

Shekara shida ka kulle da sunan kewa,
'Yar Mabera ko cokali ba ta taɓawa.

Tsohon Majemi, Rijiyar Dorowa

Na karanta duka, sai da na ajiye wayar na share ido.

Marainiya, kin taɓa inda ke ciwo,
Malam, ka faɗi gaskiya, ba ni jayawa.

Na ɗauka ni kaɗai na yi rashin Inna,
Na manta uwa ce ɗiyana suke kewa.

Makullin na nan a zare a wuyana,
Ko wanka zan yi ba na cirewa.

Gobe bayan la'asar zan hau kabu-kabu,
Mabera zan nufa ba tare da aikawa.

In sa shi a tafin hannunta in ce,
"Ki tara 'yan'uwanki, ke za ki buɗewa."

Auren kam ina nan, ban janye ba,
Ɗakin kusa da zaure nake gyarawa.

Hajiya, in kina son a yi wa ɗanki magana,
Ni da Malam mu zo ran Asabar da wayewa.

Hajiya, Ƙofar Marke

Ku zo da hantsi, yana gida ran Asabar,
Zan dama fura in ajiye muku a inuwa.